Rikicin Kano na 1953: Daga Bakin Alƙalami Zuwa Bakin Takobi

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Saboda haka a fitowar mujallarmu ta bana muka ga ya kyautu mu tuna wa matasanmu wata tarzoma da ta sauya fasalin Nijeriya, wadda asalinta magana ce.

Ran 31 ga Maris, 1953, Cif Anthony Enahoro na jam'iyyar Action Group ya gabatar da ƙudiri a Majalisar Wakilai ta Ikko cewa a ba Nijeriya mulkin kai a 1956. Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello, Allah Ya jiƙansa, ya kawo gyara, ya ce a cire shekarar, a ce sai lokacin da hali ya yi. Hujjarsa a fili take: Arewa ba ta da isassun 'yan boko da za su riƙe ofisoshi, don haka in Bature ya tafi da gaggawa, mulkin kan zai zama sauyin ubangida ne kurum.

Maimakon a auna wannan hujja, sai 'yan gari suka yi wa wakilan Arewa ihu da ature a titunan Ikko. Jaridun Kudu kuma, waɗanda manyansu na shugabannin jam'iyyu ne, kamar West African Pilot ta Dokta Azikiwe da Nigerian Tribune ta Cif Awolowo, sun fi ƙarfin fagen. Aka yi ta siffanta shugabanninmu da 'yan koren Turawa. Arewa kuwa abin da take taƙama da shi bai wuce Gaskiya Ta Fi Kwabo da Nigerian Citizen na Zariya ba, muryarsu kuma ba ta kai Ikko da ƙarfi.

Ana cikin wannan zafi sai Action Group ta turo ayari ƙarƙashin Cif S. L. Akintola ya zaga Arewa yana tallar 1956. Ranar Asabar, 16 ga Mayu, aka shirya taro a Sabon Garin Kano. Hukuma ta janye izinin taron, amma zukata sun riga sun tafasa. Faɗa ya kaure, aka shafe kwana huɗu ana ɗauki-ba-daɗi tsakanin Fagge da Sabon Gari, sai da aka shigo da soja. Rahoton gwamnati ya ce mutum 36 sun mutu, 241 sun ji rauni.

A lura da abu biyu. Na farko, taron na jam'iyyar Yarbawa ne, amma akasarin faɗan tsakanin Hausawa da Ibo aka yi shi, alhali ba su ne suka kira taron ba. Wuta in ta kama, ba ta tambayar wa ya ƙyasta ashana. Na biyu, ba a ji wani ɗan majalisa ko editan jarida cikin mamatan ba. Talakawa ne suka biya kuɗin maganar manya.

Bayan ƙura ta lafa, majalisun Kaduna suka fito da buƙatu takwas waɗanda suka kusa raba ƙasar. Sakataren Ƙasashen Mulkin Mallaka, Oliver Lyttelton, ya kira taro a Landan a wannan shekara, aka kuma samu tsarin mulkin tarayya na 1954. Yamma da Gabas suka karɓi mulkin kansu a 1957, Arewa a 1959, ƙasa baki ɗaya a 1960. Ashe teburin shawara ne ya ba kowa abin da yake so, a lokacin da ya zaɓa.

Mu dai ra'ayinmu shi ne dattawan nan sun yi gaskiya da suka ƙi gaggawa, kuma waɗanda suka ɗauki makami sun zubar musu da wannan gaskiyar, domin jinin baƙo amana ne, zagi a jarida bai halatta shi ba. Abin da ya kamata a rama da shi alƙalami ne, shi ya sa Gwamnatin Arewa ta kafa New Nigerian a Kaduna a 1966.

To, 'yan'uwa, garin da bai ilimantar da 'ya'yansa su rubuta labarinsa ba, wani zai rubuta masa yadda ya ga dama. Kowa ya cika alkawarinsa ga asusun ilimi na wannan ƙungiya, mu kuma riƙe matasanmu kada a yi haya da su ranar tarzoma. Allah Ya zaunar da garinmu da ƙasarmu lafiya, amin.