Yadda Rabin Gudun Fanfalaki Ya Zama Tseren Jama'a

A yawancin wasannin motsa jiki, gwanaye ne ke fara yin suna, sannan jama'a su biyo sawu suna kwaikwayo. Rabin gudun fanfalaki, wato tseren kilomita 21 da 'yan mitoci, bai bi wannan hanya ba. Ba a yin sa a gasar Olamfik, babu wani tsohon labarin jarumta da ke rataye da shi, kuma sai a shekarar 1992 hukumar guje-guje ta duniya ta shirya masa gasar kansa. Duk da haka, yau yana cikin tseren kan titi da suka fi tara mutane, kuma galibin masu shigarsa malaman makaranta ne, da ma'aikatan asibiti, da 'yan kasuwa, da iyaye mata, waɗanda ba su taɓa sa ran lambar zinare ba. Masu gudun sha'awa ne suka ɗaga shi, don shi ne nisa mafi tsawo da mai aiki da iyali zai iya shirya masa ba tare da ya watsar da harkokinsa ba. Gwanaye da hukumomi daga baya suka zo.

Tsawon nasa gado ne daga cikakken fanfalaki, shi kuwa wancan da katari aka same shi. Da za a farfaɗo da gasar Olamfik a Atina a 1896, wani masani ɗan Faransa, Michel Bréal, ya ba da shawarar a yi tsere don tunawa da labarin manzon da aka ce ya sheƙo da gudu daga filin yaƙin Maraton zuwa Atina da albishirin nasara a kan Farisawa. Nisan ya kai kimanin kilomita 40, kuma ɗan Girka Spyridon Louis ne ya lashe. Daga nan kowace gasa ta riƙa yanka nata nisan. A Landan a 1908 aka tashi daga fadar Windsor aka ƙare a gaban rumfar gidan sarauta a filin wasa na White City, abin ya kama kilomita 42 da mita 195. Sai a 1921 aka tsayar da wannan a matsayin doka. Raba shi biyu ne ya ba da kilomita 21 da mita 97 da rabi. Ke nan babu likitan da ya auna jikin ɗan Adam ya ce wannan ne daidai da shi. Dole a nemi dalilin karɓuwarsa a wani wurin.

Dalilin ya faro ne daga ciwon zuciya. Bayan yaƙin duniya na biyu, aikin zama ya yawaita a Turai da Amurka, mota ta shiga gidaje, magidanta suka riƙa faɗuwa tun ba su tsufa ba. A 1953 likita Jerry Morris ya fitar da binciken da ya yi a kan ma'aikatan motocin bas masu bene na Landan. Direba na zaune bayan sitiyari yini guda, kwandasta kuwa yana hawa da sauka a matakala yana karɓar kuɗin mota, kuma sai ga shi ciwon zuciya ya fi kama direbobin. A New Zealand kuma akwai kociya Arthur Lydiard, wanda yaransa Peter Snell da Murray Halberg suka ci zinare a Roma a 1960. A farkon shekarun 1960 ya tara magidanta a birnin Auckland, har da waɗanda suka taɓa fama da zuciya, ya koya musu sassarfa: gudu a hankali, ba haki, mutum na tafe yana hira da na kusa da shi. Bill Bowerman, kociyan Jami'ar Oregon wanda daga baya aka kafa kamfanin Nike da shi, ya ziyarce su a 1962, ya tarar ba ya iya jerawa da dattawan ƙungiyar. Ya koma gida ya yaɗa abin, suka rubuta ɗan littafi kan sassarfa shi da wani likitan zuciya, aka sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya. A 1968 likitan sojan sama Kenneth Cooper ya ƙara da nasa littafin kan motsa jiki mai ƙarfafa zuciya da huhu.

Wanda ya saba sassarfa kullum, wata rana zai so ya gwada kansa. Lokacin da Frank Shorter ya ci fanfalakin Olamfik a Munich a 1972 Amurkawa na kallo a talabijin, sha'awar ta ƙaru. Tseren fanfalakin birnin New York da Fred Lebow ya fara a 1970 mutum 127 kawai suka shiga, 55 suka kai ƙarshe, ana ta zagaye a lambun Central Park. A 1976 aka fito da shi titi ya ratsa gundumomi biyar na birnin. Mata ma sai da suka yi gwagwarmaya kafin a ba su wuri. A fanfalakin Boston a 1967 wani jami'in tsere ya yi ƙoƙarin fizge lambar da ke jikin Kathrine Switzer tana cikin gudu. Sai a 1972 Boston ta amince da mata a hukumance, fanfalakin mata a Olamfik kuwa sai a 1984. Ta haka tituna suka cika da sababbin masu gudu, waɗanda kilomita 10 ta yi musu kaɗan, kilomita 42 kuma ta fi ƙarfin lokacinsu.

Wannan giɓin ne rabin fanfalaki ya cike, kuma an ga haka ƙarara a arewa maso gabashin Ingila. Brendan Foster, wanda ya ci tagulla a tseren mita 10,000 a Olamfik ta 1976, ya ga yadda dubban jama'a ke fitowa wani tseren gari a Auckland, ya ƙudurta yin irinsa a gida. A watan Yuni na 1981 aka yi tseren Great North Run na farko, mutum kusan 12,000 suka fito. Ana tashi daga Newcastle, a haye gadar kogin Tyne kafaɗa da kafaɗa, a ratsa unguwannin ma'aikata inda mutane ke tsaye a ƙofar gida suna miƙa ruwa da lemo, sannan a gangara bakin teku a South Shields, a yi mil na ƙarshe iska na kaɗawa daga ruwa. A 2014 mutum na miliyan ɗaya ya kammala wannan tsere. Shekara guda kafin na Newcastle, birnin Gothenburg na Suwidin ya fara nasa, wanda shi ma ya zama cikin mafiya girma a duniya. Abin lura shi ne, da hukumar duniya ta tashi yin gasarta ta farko a 1992, a kan hanyar Great North Run ta yi ta, wato hanyar da jama'a suka riga suka share. Shekara guda bayan haka ɗan Kenya Moses Tanui ya zama na farko da ya gama nisan ƙasa da awa ɗaya, a Milan. A 2021 Letesenbet Gidey ta Habasha ta yi shi cikin awa ɗaya da minti 2 da daƙiƙa 52 a Valencia.

Me ya sa wannan nisan ya dace? Amsar tana cikin jiki. Tsoka da hanta suna ajiye sukarin da ake ƙonawa lokacin gudu, kuma ajiyar kan ƙare wajen kilomita 30. A nan ne masu cikakken fanfalaki kan ji ƙafa ta yi nauyi kamar an ɗaura mata turmi. Mai rabin nisan yakan gama kafin ya kai wannan gaɓar. Wanda ya riga ya saba sassarfa, atisayen kamar wata uku ya ishe shi, yana fita sau uku ko huɗu a mako, da doguwar fita ɗaya a ranar hutu. Ranar tsere zai yi awa biyu ko biyu da rabi a hanya, bayan 'yan kwanaki ya warware. Fasaha ma ta taimaka. Daga tsakiyar shekarun 1990 aka fara ɗaura wa masu gudu 'yar na'ura a igiyar takalmi, wadda ke fara lissafi sai mutum ya taka shimfiɗar layin farawa. Kafin nan, wanda ke can baya cikin dubban mutane yakan yi asarar mintuna tun bai motsa ba. Yanzu kowa da lokacinsa, kuma da shi yake gasa.

Akwai masu cewa tura talaka irin wannan nisa ganganci ne, sukan kuma kawo misalin Jim Fixx, wanda littafinsa na 1977 ya jawo mutane da yawa ga gudu, amma ya faɗi ya mutu yana cikin gudu a 1984 yana da shekara 52. Haɗarin gaskiya ne, sai dai a auna shi. Fixx ya daɗe yana shan taba kafin ya fara gudu, mahaifinsa ma zuciya ce ta kashe shi yana ɗan shekara 43. Wani bincike da mujallar likitanci ta New England ta buga a 2012 ya duba masu tseren cikakken fanfalaki da rabinsa miliyan 10.9 a Amurka cikin shekara goma, ya sami mutum 59 da zuciyarsu ta tsaya, kuma abin ya fi aukuwa a cikakken fanfalaki nesa ba kusa ba. Darasin shi ne mai hawan jini, ko ciwon sukari, ko gadon ciwon zuciya ya ga likita kafin ya fara, ya kuma ƙara nisa sannu a hankali.

Wasu kuma na ganin kasuwa ce kawai: kamfanonin takalma, kuɗin rajista mai tsada, da lambar yabo ga duk wanda ya ƙarasa ko da na ƙarshe ne. Ba ƙarya ba ne an shigar da kasuwanci, kuma tsadar rajista a manyan birane tana hana marasa ƙarfi. Amma tarihin ya nuna magidantan Auckland sun fara sassarfa tun babu mai sayar musu da komai, kuma kamfani ba ya iya sa mutum ya tashi da asuba wata uku a jere. Batun lambar yabo kuwa, masu ƙorafin suna auna tseren da ma'aunin Olamfik, inda mutum ɗaya ke ci saura su faɗi. Tseren jama'a an gina shi ne a kan wata manufar, wadda ta samo asali daga binciken Morris: a raba mutum da zama. Idan aka auna shi da wannan ma'aunin, ma'aikaciyar jinya mai shekara 50 da ta gama cikin awa uku ta cika manufar fiye da gwanin da dama can gudu ne sana'arsa, domin ita ce irin mutumin da aka fara harkar dominta.