Rumbun bayanai na wucin-gadi: Yadda yake hanzarta gwajin manhaja da kuma inda hatsarinsa yake

Idan ma'aikaci a unguwar Ain Khaled da ke kusa da birnin Doha ya aika wa iyalinsa kuɗi zuwa Kano ta manhajar waya, akwai wani sashe na manhajar da ba ya gani. Wannan sashe ne ke rubuta cinikin a rumbun bayanai, ya cire kuɗin daga wannan asusu ya zuba a wancan.

Kuskure ɗaya a nan na iya sa kuɗin su maƙale. Shi ya sa masu ƙirƙirar manhaja ke sake gwada sashen duk lokacin da suka sauya wani abu a cikinsa.

Sai dai gwaji da rumbu na ainihi yana cin lokaci, domin sai an kunna shi, an rubuta bayanai a faifai, sannan a share su kafin gwaji na gaba.

Mene ne rumbun wucin-gadi?

Rumbu ne da ke ajiye bayanai a ƙwaƙwalwar kwamfuta ta wucin-gadi, wato RAM, maimakon faifai. Karatu da rubutu a RAM sun fi sauri nesa ba kusa ba, kuma da zarar an rufe rumbun komai ya goge, sai gwaji na gaba ya fara da sabo fil.

Daga cikin waɗanda aka fi amfani da su akwai SQLite, wanda Ba'amurke D. Richard Hipp ya ƙirƙira a shekarar 2000, kuma yana cikin wayoyin Android da iPhone. Akwai kuma H2, wanda Thomas Mueller ya fitar a 2005 domin masu aiki da yaren kwamfuta na Java.

Ina hatsarin yake?

Hausawa na cewa kama da wane ba wane ba ne. Rumbun da aka yi gwaji da shi ba lallai ya bi dokokin wanda manhajar za ta yi aiki da shi a zahiri ba.

Alal misali, SQLite kan karɓi rubutun haruffa a gurbin da aka ware wa lambobi, abin da PostgreSQL zai ƙi nan take. Sai a 2021 aka ƙara masa zaɓin tsaurara wannan doka.

Haka kuma, muddin ba a umarce shi ba, SQLite ba ya bincika alaƙar bayanai, don haka zai iya rubuta ciniki a kan asusun da babu shi. Gwajin zai nuna komai lafiya, amma matsalar ta bayyana a hannun abokin ciniki.

Kamfanin Microsoft ma ya shawarci masu amfani da Entity Framework Core da kada su dogara da rumbunsa na wucin-gadi wajen irin wannan gwaji.

Mece ce mafita?

Da yawa daga cikin masu sana'ar na haɗa hanyoyi biyu. Sukan yi gwaje-gwajen yau da kullum a rumbun wucin-gadi saboda sauri, amma kafin su saki manhaja sai su maimaita su a rumbu irin na ainihi.

Manhajar Testcontainers, wadda ta fito a 2015, ta sauƙaƙa hakan: takan tayar da PostgreSQL ko MySQL na gaske na ɗan lokaci, ta rushe shi bayan an gama. Hanyar ta fi ɗaukar lokaci, amma ita ce ke kama kurakuran da ka iya taɓa kuɗin mai aikawa.