Ladabin Hanya a Damargu: Daga Ayari Zuwa Kwalta

Damargu ƙasar hanya ce tun kafin a san mota. A ƙarni na 19 ayarin da ke tasowa daga Tarabulus ya ratsa Gat da Agadas, ta nan yake bi kafin ya isa Damagaram da Kano, Abzinawa kuma nan suke saukowa da gishirin Bilma su koma da gero. Ta nan Bature matafiyi Heinrich Barth ya wuce a watan Janairu na 1851 tare da ayarin gishiri na Abzinawan Kel Owey. Tafiya irin wannan ba ta yiwuwa sai da doka. Madugu ke yanke lokacin tashi da wurin zango, jagaba yana gaba yana duba hanya, raƙuma na bin juna a jere, ba mai kutsawa gaban wani don kayansa sun fi tsada. Wanda dabbarsa ta gaza, akan rage masa kaya, domin jinkirin mutum ɗaya ya fi sauƙi a kan asararsa.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin Sahara ya durƙushe, daga baya mota ta gaji raƙumi. Yau babbar hanyar Damagaram zuwa Agadas ta bi ta Tanut, Belbeji kuma ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011. Ranar kasuwa, babbar mota da kabu-kabu da amalanken jaki da garken awaki da 'yan makaranta duk hanya ɗaya suke rabawa. Dokar tuƙi tana nan a rubuce, jandarmomi suna nan. Abin da ya ɓace tsakanin zamanin biyu shi ne mai ɗaukar alhakin kowa. Sunan madugu yana zubewa idan ya rasa mutum a hanya, amma direban yau yakan auna gwanintarsa da yawan sawun da ya yi.

Wani zai ce kwatancen bai yi ba, tunda raƙumi tafiya yake a hankali, kuma hanyar wancan zamani ba aljanna ba ce, mahara sun sha tare ayari a Damargu. Haka ne, amma haɗarin ne ya haifi tsarin. Idan tsoron mahara ya sa fatake suka bi umarnin mutum ɗaya, gudun ƙarfe da ke kashewa cikin ƙiftawar ido ya fi cancantar a yi masa horo. Wani kuma zai ɗora laifin a kan ramukan hanya da ƙarancin alamomi. Gyaransu haƙƙi ne a kan hukuma, sai dai sabuwar kwalta gudu take ƙara wa marar haƙuri, kuma ba ita za ta tsaya wa tsohuwa mai tsallakawa ba.

Don haka aikin madugu ya koma kan shugabannin tasha da na 'yan kabu-kabu. Su hana fita da mota marar birki, su hana lodin wuce kima, su ladabtar da mai gudu cikin gari. Limamai su riƙa tunatarwa cewa kawar da cuta daga hanya yana cikin imani. Direba kuma, in ka shigo Tanut ko Belbeji, rage wuta, ka ba mai ƙafa hanya.