Lambun Gida: Amfaninsa ga Lafiya da Yadda Ake Girka Abin da Aka Noma

Lambun gida shi ne ɗan wurin da ake warewa a tsakar gida, bayan ɗaki ko gindin katanga domin shuka ganyen miya da kayan lambu na ci. Ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Gidajen karkara da yawa suna da zogale a jikin danga, da kabewa mai hawa rufin ɗaki da damina. A birni ne aka shafe tsakar gida da siminti, ga kuma tsadar cefane, kuma idan kuɗi ya gaza ganye ake fara ragewa a tukunya.

Wannan ragi yana da illa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a kullum, ban da rogo, doya da dankali. Binciken lafiyar al'umma na Nijeriya na shekarar 2018 ya nuna kashi 68 cikin 100 na yara masu wata 6 zuwa 59 suna da ƙarancin jini, haka ma kashi 58 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49. Ba abinci kaɗai ke jawo shi ba, akwai zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki da sikila, amma ƙarancin sinadarin ƙarfe da folet a abinci yana cikin manyan dalilai. Ganyaye masu duhun kore suna ɗauke da duka biyun, tare da karotin wanda jiki ke juya shi zuwa bitamin A. Rashin bitamin A shi ke kawo dundumi, yana kuma sa ƙyanda da gudawa su fi yi wa yaro tsanani.

Abin da ya kamata a shuka

Wanda bai taɓa lambu ba ya fara da alayyahu. Cikin mako uku zuwa huɗu ake fara tsinka, idan kuma aka yanke kansa aka bar gindin zai sake tofowa. Rama, yakuwa da lalo suna jure zafi, ba sa neman hidima. Kuɓewa tana fara 'ya'ya bayan kamar wata biyu. Zogale guda biyu sun ishi ƙaramin gida, muddin ana sare kansa don ya yi rassa a inda hannu zai kai. Latas, kabeji da karas sun fi son sanyin hunturu. Dankalin Hausa mai ciki ruwan goro ya cancanci a neme shi, domin yana da karotin da farin ba shi da shi, kuma ganyensa ma ana ci.

Inda babu ƙasa, buhu ko tsohon bokiti ya wadatar. A huda gindinsa, a cika da ƙasa, yashi da ruɓaɓɓen taki, a ajiye inda rana ke bugawa awa biyar zuwa shida. A yi shinge saboda awaki da kaji.

Ruwa, ƙasa da taki

Babbar fa'idar lambun gida a wajen likita ita ce mutum ya san ruwan da ganyensa ya sha. A birane da dama ana ban-ruwa da ruwan kwata. A Kano, alal misali, an daɗe ana noman rani a bakin Jakara, wadda ke kwasar ƙazantar gari. Irin wannan ruwa na iya ɗauke da ƙwayoyin taifot, kwalara, atuni da ƙwan tsutsar ciki. Wanda ya yi lambu a gida sannan ya shayar da shi da ruwan kwata bai tsira daga komai ba. Ruwan wanke shinkafa, na wanke kayan miya da na alwala duk za su yi. Ruwan wankin ƙunzugun jariri da wanda ya fito daga banɗaki ba za su yi ba, kuma kada lambun ya kasance inda ruwan masai ke malalowa da damina. A zuba ruwa a gindin shuka, ba a kan ganye ba.

Kashin dabbobi taki ne mai kyau, amma ɗanyensa yana da ƙwayoyin cuta. A tara shi ya ruɓe na wata uku zuwa huɗu kafin a zuba. Bayan-gidan mutum, na kare da na kyanwa ba sa shiga taki. Kashin kyanwa na iya ɗauke da wata cuta da ke illa ga ɗan tayi, don haka mai ciki ta sa safar hannu idan za ta taɓa ƙasa. Kowa ya sa takalmi, domin akwai tsutsar ciki da ke shiga ta fatar ƙafa, ya kuma wanke hannu da sabulu bayan aiki. Wanda fartanya ko ƙusa ta ji wa rauni ya wanke wurin, ya je a duba ko yana buƙatar allurar tetanus.

Kada a ɗebo ƙasa daga juji, garejin kanikawa, wurin fasa batir ko inda ake niƙa duwatsun ma'adinai. Gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 tana cikin ƙasar tsakar gidaje ne. Jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin feshi ko man inji ba a shuka a cikinta. Sannan a rufe randa ko duron ban-ruwa, domin sauro na iya kammala girma daga ƙwai cikin kamar kwana goma.

Maganin ƙwari

A ƙaramin lambu, tsince tsutsa da hannu, barbaɗa toka da fesa jiƙon ganyen darbejiya sun isa a mafi yawan lokuta. Fiya-fiya da ake zubawa a ɗaki ba maganin ganyen miya ba ne. Idan dole sai an yi feshi, a sayi wanda aka yi wa rajista don kayan lambu, a karanta kwanakin da aka ce a jira kafin girbi, a jira su cika. A kulle ragowar inda yara ba za su kai ba, kuma kada a juye shi a robar lemo. Zubar yawu, gumi, amai, ƙanƙancewar ƙwayar ido da wahalar numfashi bayan feshi alamun guba ne. A cire tufafin, a wanke jiki, a garzaya asibiti da kwalbar maganin. Kada a ɗura wa mutum manja ko madara, kada kuma a sa shi amai.

A cikin madafi

A nan ne aka fi yin asara. Bitamin C da folet suna narkewa a ruwa, zafi kuma yana lalata su. Idan aka yanka alayyahu, aka murje shi da gishiri, aka matse, sannan aka bar shi yana tafasa rabin awa, yawancin waɗannan sinadarai sun tafi. A wanke ganye tun yana ɗungurungum, a yanka dab da lokacin zubawa, a sa shi a ƙarshen girki na 'yan mintuna. Zogale da rama na kwaɗo a dafa su da ruwa kaɗan, iya yadda za su yi laushi.

Kanwa tana saurin laushin ganye, tana ƙara yauƙin kuɓewa, tana kashe tsamin yakuwa, shi ya sa uwargida ke son ta. Sai dai tana lalata bitamin C da wasu daga cikin bitamin B, kuma tana da sinadarin sodiyam irin na gishiri, abin da mai hawan jini ya kamata ya lura da shi. Ɗanyar kuɓewa da aka tsinko yau tana yauƙi ba tare da kanwa ba. Tsamin yakuwa kuwa ana iya rage shi da niƙaƙƙiyar gyaɗa.

Karotin ba ya shiga jiki sosai sai da maiƙo. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa haɗi ne da ya dace tun asali, haka miyar taushe mai kabewa da gyaɗa. Ƙarfen da ke cikin ganye bai kai na nama saurin shiga jiki ba. Ɗanyen tumatir, matsin lemon tsami ko ɗan kifi a cikin abincin suna taimaka masa, shayi kuma yana hana shi, don haka a ba da tazarar awa ɗaya tsakanin abinci da shayi.

Abin da za a ci ɗanye, kamar latas da kokwamba, a wanke shi da ruwan da ya isa a sha, ganye ɗaya bayan ɗaya. Ruwan gishiri ba ya kashe duk ƙwayoyin cuta. Lokacin ɓarkewar kwalara, a dafa komai.

Rarar damina a shanya ta a inuwa mai iska, a kan tabarma ko faifai mai tsafta, a rufe da siririn ƙyalle saboda ƙuda da ƙura. Rana kai tsaye tana cinye karotin. Ganyen da ya koɗe ya rasa da yawa. Idan ya bushe ƙarau a adana a mazubi mai murfi. Wanda ya yi fumfuna a zubar.

Waɗanda za su yi hattara

Daga wata shida ana iya sa wa jariri dafaffen ganye, kabewa ko dankali da aka dame, ko ɗan garin zogale a kunu, tare da ci gaba da nono. Yaron da ya rame ƙwarai ko ƙafafunsa suka kumbura asibiti yake buƙata, ba zogale ba. Mai ciki ta ci ganyen zogale a matsayin abinci, ta guji saiwarsa da ɓawonsa, kuma kada ta daina shan ƙwayoyin ƙarin jini na awo. Mai ciwon suga ko hawan jini zai amfana da yawan ganye, amma ba ya maye gurbin magani.

Mai ciwon ƙoda da aka hana shi yawan fotasiyam ya tambayi likitansa kafin ya ƙara ganye da tumatir. Wanda ya taɓa yin tsakuwar ƙoda ya rage alayyahu, ko ya tafasa shi ya zubar da ruwan, ya kuma yawaita shan ruwa. Mai shan maganin tsinka jini na warfarin ba a hana shi ganye ba, amma bitamin K da ke ciki yana rage ƙarfin maganin, don haka ya riƙa cin kusan adadi ɗaya a kowane mako, ya sanar da likita idan zai canza.