Kukan modem a Agadas

Wanda ya taɓa zama a gidan intanet a Agadas a farkon shekarun 2000 ba zai manta da kukan nan ba. Kwamfuta ta buga lamba, sai modem ya kama shewa da shaƙuwa kamar ana suyar gyaɗa cikin rairayi, kowa ya yi tsit. In da rabo, layi ya kama. In babu, a sake bugawa, kuɗin waya kuwa na ta tafiya.

Garin yana da dalilin ƙaguwa. Bayan sulhun da gwamnati ta yi da 'yan tawaye a Afrilun 1995, baƙi masu yawon buɗe ido sun fara dawowa, masu kai su duwatsun Abzin da hamadar Tenere suna jiran saƙo daga Faransa da Italiya da Jamus: mutum nawa ne, wace rana jirgi zai sauka, mota nawa za a tanada. Saƙon da ya makara kwana biyu na iya jawo asarar ayari guda. Maƙeran azurfa ma sun soma samun masu saye daga ƙetare. Hanyar kuwa ta kamfanin Sonitel ce, wanda aka kafa a 1997, mai adireshin da ke ƙarewa da intnet.ne, ga Yamai can nesa, fiye da kilomita 900 ta hanyar Tawa.

Abin da mai jiran saƙo bai gani ba shi ne akwatin da ke ɗaga kiransa a ɗaya ɓangaren. A ko'ina cikin duniya, mai sayar da intanet ta layin tarho yana da irin wannan na'ura: cikinta modem ne jere, tana amsa kira, ta tambayi suna da kalmar sirri, sannan ta buɗe ƙofa. Sanannun cikinsu su ne PortMaster na kamfanin Livingston, da MAX na Ascend, da Total Control na US Robotics, da AS5300 na Cisco. Kowacce tana da manhajar ciki da ke tafiyar da ita, kuma manhajar nan ba ta taɓa fitowa babu aibi ba.

Shekarar 1997 ta ƙara dagula lissafi. Kamfanoni suka rabu gida biyu kan modem mai gudun 56k, wasu suka bi x2, wasu K56flex, kuma biyun ba sa jin yaren juna. Sai a 1998 hukumar sadarwa ta duniya ta sasanta su da ƙa'idar V.90. Ba a zubar da na'urori an sayo sababbi ba, manhajarsu aka riƙa sauyawa, siga bayan siga. Kowace siga tana zuwa da takarda mai jera abin da aka gyara da abin da har yanzu ake fama da shi: wannan ta magance tsinkewar kira da modem iri kaza, waccan ta hana wata kafa maƙalewa bayan mai kira ya ajiye. Cisco har lamba take ba kowane kuskure, mai farawa da CSC, don a iya bin sawunsa.

A nan ne gwanintar ma'aikacin da ke kula da na'urar take, kuma aiki ne da ya cancanci a tuna da shi. Ba kowace sabuwar siga ake rungumarta ba, domin gyaran da ya toshe ɓaraka ɗaya yakan buɗe wata. Mai hankali yakan ajiye takardun sigogi biyu gefe da gefe, ya bi su layi-layi da biro, ya gwada su da koke-koken masu kira, sannan ya yanke shawara. Yakan adana tsohuwar don komawa. Yakan kuma ɗora sabuwar cikin dare, gabansa na faɗuwa, domin wuta in ta ɗauke ana tsakiyar ɗorawa, na'urar na iya ƙin tashi.

Gari irin Agadas shi ya fi ɗanɗana bambancin. Gudun 56k yana son layi mai tsabta, wanda aka juya sautinsa zuwa lambobi sau ɗaya tak a kan hanya. Wayar jan ƙarfe da ta sha zafi da ƙura ba ta da wannan gata, don haka modem yakan sauko zuwa 33.6k ko ƙasa da haka, yana ta sake daidaitawa da abokin maganarsa. Daidai wurin sake daidaitawar nan ne manhaja mai rauni take sakin kira. Layi biyu a takardar da aka rubuta a Kaliforniya na iya zama abin da ya raba saƙon da ya iso da wanda ya tsinke a rabi.

Zamanin bai daɗe ba. Celtel ta shigo Nijar a 2001, wayar salula ta bazu har arewa, tawayen 2007 ya kori baƙi, a 2016 kuma aka haɗe Sonitel da SahelCom suka zama Niger Telecom. Yau a rumfunan gyaran waya na kasuwar Agadas, yaro zai karɓi wayar da ta ƙi tashi, ya cire murfi, ya hura ƙura, ya karanta lambar samfurinta sau biyu, sannan ya lalubo sigar da ta dace a kwamfutarsa kafin ya yi mata filashin.