Harin Jami'ar Bayero na 2012

Harin Jami'ar Bayero wani hari ne da 'yan bindiga suka kai a tsohon matsugunin Jami'ar Bayero da ke ƙaramar hukumar Gwale a jihar Kano, ranar Lahadi 29 ga Afrilu, 2012. Maharan sun auka wa Kiristocin da ke ibadar safe a harabar jami'ar, inda suka kashe aƙalla mutum 15, wasu rahotanni kuma suka ce adadin ya kai 20. Yana cikin hare-hare mafi muni da aka taɓa kai wa wata jami'a a arewacin Najeriya.

Yanayin da ake ciki

Jami'ar ta samo asali ne daga kwalejin da aka kafa a 1960, wadda ta koma Kwalejin Abdullahi Bayero, sannan ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. Tsohon matsuguninta yana daf da ganuwar birnin Kano. Wata uku kafin harin, ranar 20 ga Janairu, 2012, ƙungiyar Boko Haram ta kai jerin hare-hare a ofisoshin 'yan sanda da na sauran hukumomin tsaro a Kano, inda kimanin mutum 185 suka mutu. Tun daga lokacin garin ya shiga zaman ɗar-ɗar, da shingayen bincike da dokar hana fita.

Yadda abin ya faru

Ɗalibai da ma'aikata Kiristoci sun saba yin ibadarsu ta Lahadi a wasu ɗakunan taro na jami'ar. Maharan sun fara jefa ƙananan bama-bamai, da jama'a suka fito a guje sai suka buɗe musu wuta, sannan suka tsere. Cikin waɗanda suka rasu har da Farfesa Jerome Ayodele na sashen kimiyyar sinadarai da Farfesa Andrew Leo Ogbonyomi na sashen nazarin ɗakin karatu. An ɗora alhakin harin a kan Boko Haram. A lokacin Farfesa Abubakar Adamu Rasheed ne shugaban jami'ar.

Abin da ya biyo baya

An tsaurara bincike a ƙofofin jami'ar. A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana sana'ar acaba a cikin birni, saboda mahara kan yi amfani da babura. Duk da haka makarantu ba su tsira ba: ranar 17 ga Satumba, 2014, an kai hari a Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Kano, aka kashe aƙalla mutum 15.

Nazarce-nazarce

Masu nazarin harkokin tsaro a Afirka kan sanya wannan hari cikin misalan yadda rikicin ya shafi ilimi. Ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a Oktoban 2012 kan hare-haren Boko Haram da kuma cin zarafin da jami'an tsaro suka yi wajen mayar da martani. A 2015 Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Kare Makarantu da aka ƙaddamar a Oslo, kuma a Oktoban 2021 Abuja ta karɓi baƙuncin taron ƙasa da ƙasa na huɗu a kanta.