Zoben aure: hagu ko dama? 🧵

1/ Duk lokacin bukukuwa sai musun nan ya taso a Gusau: wai a wane hannu amarya za ta sa zobe? Har da masu cewa in ta sa a dama ƙauyanci ne. Ku matso, tarihin abin ya fi musun daɗi.

2/ Su Turawan ma kansu ba su tsaya kan hannu ɗaya ba fa. Ingila, Faransa da Amurka hagu suke sawa. Rasha, Girka da Jamus kuwa dama. To wa ye baƙauyen?

3/ Me ya sa yatsan da ke kusa da ƙaramin? Marubutan tsohuwar Rum ne suka ce akwai jijiya daga nan har zuciya. Babu wata jijiya ta daban a wurin, duk yatsu haka suke. Amma zancen ya zauna, har littafin addu'ar cocin Ingila na 1549 ya ce ango ya sa wa amarya zobe a wannan yatsan na hagu. Lu'ulu'u kuwa tallar kamfanin De Beers ta 1947 ce ta mayar da shi kamar dole.

4/ Mu nan fa? Layin dogo daga Zariya ya ratsa Tsafe da Gusau, ya kai Ƙaura Namoda a 1929. Ya kawo ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu, da coci-cocinsu, inda zobe yake cikin ibadar aure. Amma a ganina, abin da ya shigo da shi bikinmu na Musulmi finafinai ne da dina da Instagram.

5/ Je ki tambayi kakarki a Bungudu yadda aka san an yi mata aure. Za ta ce waliyyai, shaidu, sadaki, goron da aka raba, sai lallen da ya yi makonni a hannu da ƙafa. Zobe akwai shi, amma ado ne kamar awarwaro. Maƙera kan narka tsabar azurfa, irin ta Mariya Tereza mai ɗauke da 1780, su ƙera shi.

6/ Wurin da ya fi burge ni: zobe ya zo a hadisin aure, amma a matsayin sadaki. A Bukhari, Annabi (SAW) ya umarci wani sahabi matalauci ya nemo abin da zai bayar, ko da zoben ƙarfe ne. Wato dukiya ce da ke zama mallakin mace. In ta so ta sa, in ta so ta sayar. Ba musaya ake yi ba, ba a kuma zaɓa mata yatsa ba.

7/ Nasa zoben (SAW) na azurfa ne, da shi yake hatimce wasiƙun da yake aika wa sarakuna.

8/ Angwaye, ku ne da ƙa'ida a nan. Zinare haramun ne ga namiji Musulmi. Azurfa ta halatta, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi an fi son ƙaramin yatsan hagu. Hadisin Sayyidina Ali a Muslim ya hana manuni da na tsakiya. Don haka in an kawo muku zobba biyu na gwal iri ɗaya daga Dubai, wallahi duka biyun na amarya ne.